Tukuicin Shaho

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai yawan tafkuna da fadamu, wanda Allah ya jarabce shi da son farautar tsuntsayen ruwa. Ba da tarko yake farautarsa ba, ba kuma da baka ba, da shaho yake yi. Idan damina ta ɗauke, ruwa ya kwanta, dinya da kirinjijiya suka sauka suka rufe bakin tafki, to sai dai fadawa su yi haƙuri, don mai neman sarki a fada bayan sallar asuba ya makara. Ba azzalumi ba ne, in za a faɗi gaskiya. Yana da kyauta, yana da jin ƙai, sai dai zuciyarsa a kusa take, kuma ya tsani a yi masa dariya fiye da yadda ya tsani zazzaɓi.

A cikin shahunansa akwai wata mace da ake kira Kibiya. Masu wannan sana'a sun ce macen shaho ta fi namiji girma da ƙarfin hali, ni kuwa da na ji haka ban yi mamaki ba. Bayanta ruwan toka, ƙirjinta fari da ɗigo-ɗigon baƙi, idonta kuwa in ta kafa maka shi sai ka tuna laifin da ka yi bara. Sarki yana son tsuntsuwar nan so na gaske. Ya sa an ƙera mata ƙararrawar azurfa an ɗaura mata a ƙafa, an ɗinka mata hular fata mai jan tuntu, irin wadda ake rufe wa shaho ido da ita don ya natsu. Amma ba sarki ya hore ta ba. Wanda ya hore ta wani tsoho ne mai suna Tunau, mai kiwon shahunan gidan tun zamanin uban sarkin. Shi ya kamo ta tun tana ƙarama, ya yi ta yawo da ita a hannunsa na hagu, daga kasuwa zuwa maƙera, daga maƙera zuwa mahauta, har ta daina firgita da mutane. Hannun nan duk tabon farce ne tun daga yatsu har gwiwar hannu, domin safar fata ba kullum take tsare mutum ba. Tunau ba mai yawan magana ba ne da mutane, amma da Kibiya sai ya wuni yana hira.

Ga yadda farautar take, don wanda bai taɓa gani ba. Tun ana gobe za a fita ake hana shaho abinci, domin ƙosasshe ba ya aiki. Da hantsi sai a zo bakin tafki, a cire masa hula, a yi bisimilla, a sake shi. Ba ya afka wa tsuntsu a kan ruwa. Sama yake yi yana kewayawa, har ya zama ɗan ɗigo a ido. Dinya kuwa ta san da haka, sai ta lafe cikin bado ta ƙi tashi. To a nan ne masu kora ke shiga ruwa da kiɗan ƙwarya da ihu, su tashe ta dole. Da ta ɗaga, sai ka ji iska ta yage kamar an keta sabon ƙyalle, kafin ka waiga ga gashi na tashi, ga shaho da dinya a ƙasa.

Nan ne fa sana'ar take, ba a wurin saki ba. Mafarauci ba ya rugawa ya fizge. Durƙusawa yake yi, ko da sarki ne, ya matso a hankali yana yi wa shaho magana, ya yanka dinyar da sunan Allah, ya tsaga ƙirjinta ya zaro zuciyar da ɗuminta, ya ɗora a kan safar hannunsa. Sai shaho ya bar dinya ya hau hannu ya ci. Yana cikin ci a ja gefen riga a rufe dinyar a janye ta. Wannan zuciyar ita suke kira tukuici. Suna cewa wanda ya kawo maka kyauta ba ya komawa hannu wofi, balle wanda ya sauko maka da ita daga sama da yunwa a cikinsa. Shekara bakwai Kibiya tana farauta, ba a taɓa hana ta tukuicinta ba ko sau ɗaya.

Ana nan, sai wani sarki maƙwabci ya aiko manzanni da gaisuwa. Aka sauke su aka yi musu liyafa. A wurin hira sarki ya shiga yabon Kibiya, yana cewa tana kaɗo dinya ba tare da ta ɓata ta ba. Babban manzon ya yi murmushi, ya ce su ma labari ya iske su, amma gani ya kori ji. Ai kuwa sarki ya ɗauki maganar da zafi. Ya ce gobe za su gani da idonsu, kuma abin da ta kaɗo shi ne tsarabar da za su kai wa ubangidansu, sukutum, ba tsaga ba huda, sai yankan wuya. Yadda dinya za ta yi kwana biyu a hanya ba ta yi wari ba, wannan ba wanda ya tambaya.

Washegari aka fita. Kibiya ta hau sama, masu kora suka shiga ruwa, ta kaɗo wata ƙatuwar dinya a gaban dokin babban manzo. Tunau ya durƙusa ya yanka, ya kai wuƙa ƙirji zai tsaga, sai sarki ya ce a bari. Tsohon ya ɗago kai, ya sassauta murya yadda baƙi ba za su ji ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, tukuicinta."

Sarki ya ce a ba ta wani naman in an koma gida. Tunau ya ce shaho bai san anjima ba, yanzu kaɗai ya sani. Sarki ya ga idon baƙi a kansa, ya ga kuma kamar tsoho na neman ja da shi a gaban mutane. Sai ya sauko daga doki da kansa, ya kama igiyar ƙafarta, ya fizge ta daga kan dinyar, ya ƙaƙaba mata hula. Ta yi wani ƙara wanda Tunau bai taɓa ji daga bakinta ba.

Dinya ta biyu ma haka aka yi. Ta uku ma haka. Kai, wallahi ko jaki ne ya isa ya yi tutsu. A saki na huɗu ta hau sama, ta cafke wata kirinjijiya tun a iska, maimakon ta sauko da ita sai ta miƙe ta bi kan ruwa. Ƙarar ƙararrawa ta yi ta nisa, har ta ɓace a bayan itatuwan giyayya na wani tsibiri da ke can tsakiyar tafkin. Sarki ya yi fito, ya kaɗa hannu, ya kira sunanta, shiru. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya yi ɗan tari a bayan amawalinsa, irin tarin da kowa ya san ba tari ba ne.

Nan take idon sarki ya rufe. Ya juya ga Tunau, ya ce shi ya lalata ta da shagwaɓa, har ta zama ba ta aiki sai an lallashe ta. Ya rantse da Allah a gaban jama'a da baƙi, ya ce, "Na ba ka daga yau zuwa la'asar ɗin jibi. In ka kawo ta, a karya mata fiffike a ɗaure ta a ƙofar fada, kowa ya ga ƙarshen butulci. In ba ka kawo ta ba, hannun da kake ɗaukar ta da shi za a yanke."

 Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya rataya jakarsa ta fata, ya bi bakin tafki yana tafiya irin ta tsofaffi. Allah sarki, gaba kura baya sayaki, amma ba wanda ya lura da hakan a lokacin, har shi mai hukuncin.

Baƙi suka tafi da tsarabarsu. Fushi kuwa shi ma baƙo ne, bai kwana biyu ba ya kama hanya, ya bar sarki da kewa. Ya shiga rumfar shahuna ya tarar da turken Kibiya ba kowa, ya tsaya a nan ya daɗe. Aka kawo abinci ya ture. Yana son tsuntsuwarsa, yana kuma jin nauyin tsohon nan, amma magana zarar bunu ce, ga rantsuwa, ga shaidu. A ransa gani yake tsufa ne ya kama Tunau, shi ya sa ya kasa gano ta. Saboda haka ranar da wa'adi zai cika, da hantsi, ya ce shi zai je ya nemo ta da kansa, ko ba komai hannun tsoho ya tsira. Zancen fiffike kuwa ya ƙi barin zuciyarsa ta tsaya a kansa.

A bakin tafki ba su sami jirgi ba sai ɗaya, wani tsohon kwale-kwale da mai shi a ciki yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Riga ɗaya gare shi, ita ma rabinta faci ne. Sunansa Anaruwa. Masuntan wurin in rigima ta haɗa su wurinsa suke zuwa, domin an ce ya yi karatu a gabas yana saurayi, da ya dawo aka yi masa tayin alƙalanci ya ƙi, ya zaɓi ruwa. Ya ajiye komarsa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya ce jirginsa ba ya ɗaukar ayari, sai dai sarki kaɗai. Fadawa suka fara gunaguni, sarki ya ɗaga musu hannu ya shiga shi kaɗai. Anaruwa ya roƙe shi ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, ya ce jirgin nan bai san sarauta ba, duk wanda ya miƙe tsaye kifar da shi yake yi.

Suka kama hanya, tsohon yana tura jirgi da gora, kainuwa tana darewa a gabansu. To shi sarkin nan yana da wata ɗabi'a, in ya ji an ce wane mai hikima ne sai ya gwada shi. Ya ce, "Ya kai wannan tsoho, an ce kana da sani. Gaya mini, me ya fi komai sauri a kan tafkin nan?"

Yana jira ya ji an ce shahon sarki. Anaruwa ya zaro gora ya sake kafawa, ya ce, "Ya sarki, da can cewa nake shahonka ne. Shekaranjiya na ga abin da ya fi ta, wato hukunci. Ita sai ta kewaya ta duba kafin ta faɗo. Shi kuwa bai kewaya ba."

Fuskar sarki ta canza. Da a tudu ne wataƙila da an ji wani labarin, amma tsakiyar ruwa ba wurin hawa dokin zuciya ba ne. Ya tambaye shi inda ya ji wannan magana, tsohon ya ce ba ji ya yi ba, yana cikin ciyawa yana duba komarsa aka yi komai a idonsa. Sarki ya danne fushinsa, ya sake jefo wata tambayar, ya ce to me ya fi nauyi a cikin abin da jirgin nan ya taɓa ɗauka.

Anaruwa ya ce, "Ya sarki, na ɗauki buhunan gero, na ɗauki amarya da kayan ɗakinta, na ɗauki gawa. Ban taɓa jin gora ta gagare ni ba sai ranar da na ɗauki wani tsoho mai jakar fata. Jikinsa bai kai nauyin ɗan taure ba, amma abin da ke zuciyarsa ya kusa nutsar da mu."

Sarki ya gane Tunau ake nufi. Ya yi wuf ya tambaya ko ya gano ta. Anaruwa ya ce wannan amsar ta ido ce ba ta baki ba, a bari a isa. Sai ya nemi izini shi ma ya yi tasa tambayar, ya ce shi masunci ne, kifi ya sani, bai san farautar manya ba. Sarki ya ce ya yi.

Ya tambaya wa ke kwana da yunwa a farautar nan, sarki ya ce shaho. Ya tambaya wa ke hawa sama, wa ke haɗa ƙirji da dinya, wadda ke da tsinin ƙashi a fiffike da in ta maka wa shaho sai ya kwana bakwai bai tashi ba. Sarki ya ce shaho ne dai. Ya tambaya to wa ke cin dinyar, sarki ya ce shi da iyalinsa da baƙinsa. Anaruwa ya jinjina kai kamar wanda aka koya wa sabon karatu, ya ce ashe haka ne, to a cikin dinya guda me shi shahon yake samu? Sarki ya ce zuciya. Ya ce girmanta fa? Sarki ya ce ba ta fi goro ɗaya ba.

"Sau nawa ta kawo maka shekaranjiya, ya sarki?"

"Sau uku."

"Sau nawa aka ba ta goron?"

 Sarki ya ce ai Kibiya tasa ce, shekara bakwai yana ciyar da ita, har azurfa ya ɗaura mata. Anaruwa ya ce azurfar nan sarki ke jin daɗin ƙararta, ita nauyi ce a ƙafarta. Ya ƙara da cewa ruwa ba ya tsami banza. Sannan ya ce, "Ya sarki, duk ranar da ka sake ta, sama a buɗe take, ba ƙofa ba dogari. Shekara bakwai tana ganin daji tana juyowa hannu. Ka taɓa tambayar kanka me ke dawo da ita? Sai ranar da ta ƙi dawowa ka yi tambaya, ita ma ba kanka ka yi wa ba."

Ba a taɓa gaya wa sarkin nan magana irin wannan ba tun ranar da aka naɗa shi. Ta yi masa ɗaci. Suka ci gaba da tafiya, wani zalɓe ya tashi a gabansu yana tsaki.

Da suka kusa tsibirin, Anaruwa ya daina tura jirgi da ƙarfi. Ya yi wa sarki alama ya sunkuya, ya silala da su cikin doguwar ciyawa, har suka zo inda ake hango gindin wata babbar giyayya. Ya buɗa ciyawar da gora kaɗan.

Ga Tunau zaune a ƙasa, ya jingina da itace. Ga Kibiya a kan hannunsa na hagu, ba hula, ba igiya. Ya kama kurciya da tarko ya fige, yana yanka naman ƙanana yana miƙa mata, tana karɓa a hankali kamar mai tsoron taɓa masa yatsa. Ƙararrawar azurfa da igiyoyin ƙafarta suna ajiye a kan jakarsa, an yanke su.

Sarki ya zaro ido, ya raɗa wa Anaruwa cewa ashe ya same ta. Anaruwa ya ce ai tun shekaranjiya, kafin shi ya juya jirgi tsohon ya yi fito ɗaya, ta sauko masa. Sarki ya ce to me ya hana shi kawo ta, ga hannunsa a bakin wuƙa?

"Kai ka hana shi, ya sarki. Ka ce ko fiffikenta ko hannunsa. Ya zaɓa."

Ya ci gaba da raɗa, ya ce kwana biyun nan ciyar da ita yake yi, domin masu sana'ar ba sa sakin shaho daji da yunwa, ba ya nisa zai faɗi. Igiya da ƙararrawa kuwa in an bar masa su, reshe ne zai sarƙe shi ya mutu a rataye. Ya ce shi da bakinsa ya yi wa Tunau tayin ya tsallakar da shi waccan gaɓar, ƙasar wani sarkin, ya tsira da su duka biyu. Tsohon ya ƙi. Ya ce shekara arba'in yana cin tuwon gidan nan, ba zai fita kamar ɓarawo ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne a zo a ɗauke shi da azahar, don la'asar ta same shi a ƙofar fada.

Iska ta juyo, ta kawo musu muryar Tunau. Da tsuntsuwar yake hira, yadda ya saba. Yana gaya mata ta bi ayarin kirinjijiya in sun tashi, kada ta zauna kusa da gari. In ta ji fito kada ta waiwaya, in ta ga nama a hannun mutum kada ta sauka, ko wane ne. Ya shafa ƙirjinta da bayan yatsa, ya ce, "Ci ki ƙoshi, 'yar nan. Yau dai ga hannun, gobe babu shi."

 Sarki kuwa hawaye ne suka zubo masa, suka bi gemu, bai ko share ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayi, da nadama. Ya ce da Anaruwa, "Ya kai tsoho, na rantse da Allah a gaban jama'a."

Anaruwa ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara, ya sarki. Ka ciyar da miskinai goma, malamanka sun fi ni sani. Hannu fa, me ake ciyarwa ya tsiro?"

Sarki bai jira an kai jirgi gaɓa ba. Ya zura ƙafa cikin ruwa, taɓo ya kama shi har gwiwa, ya yi ta fizgar ƙafa yana ture ciyawa, babbar rigarsa tana jan laka. Kibiya ce ta fara ganinsa. Ta miƙe gashin wuya, ta yi tsalle ta hau reshen giyayya. Tunau ya waiwaya ya ga ubangidansa, ya yi sauri ya faɗi ya kai goshi ƙasa. Bai nemi gafara ba, bai kuma yi ƙarya ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, la'asar ba ta yi ba tukuna."

Sarki ya ƙaraso inda yake. Ya kama kafaɗun tsohon ya ɗaga shi. Da kyar ya iya gaya masa cewa ba hannun da za a yanke, ba fiffiken da za a karya, kuma laifin da aka yi a bakin tafki shi ya yi shi, ba wani ba. Sannan ya ɗauki zuciyar kurciyar nan, wadda Tunau ya keɓe a kan ganye don ta zama ta ƙarshe, ya ɗora a hannunsa ba ko safa. Ya durƙusa a cikin laka, ya ɗaga hannu, ya kira sunanta a hankali.

Ta karkato kai ta dube shi da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan. Ya daɗe a durƙushe. Shaho dai ba mutum ba ne, bai san a ba shi haƙuri ya ce ba komai alhali da komai ba. Ta girgiza jiki, ta buɗe fukafukai, ta tashi. Ta kewaya tsibirin sau ɗaya tana hawa, sannan ta miƙa arewa a kan ruwa.

Sarki ya bi ta da kallo yana kuka ba ɓoyewa. Tunau ya dube shi, sai tausayi ya kama shi, don tsohon nan ba mai riƙo ba ne. Ya matso ya ce tun da an janye maganar fiffike, fito ɗaya zai yi ta juyo, har yanzu tana jin sa. Ya ɗaga hannun hagu sama, ya tattara leɓe.

Sarki ya miƙe ya kama hannun da hannuwansa biyu, ya sauke shi a hankali. Ya ce, "Bar ta, Baba. Kada hannunka ya yi mata alkawarin da ni na karya."

Suka tsaya a haka, yana riƙe da hannun bai saki ba, suna kallonta har ta shige cikin hasken rana ba a ganinta. Tunau ma sai a lokacin ya yi nasa kukan.

Da la'asar jama'a sun cika ƙofar fada, hauni na tsaye da wuƙarsa yana jiran umarni. Sai ga sarki ya shigo da laka har cinya, tsoho na gefensa. Ya tsaya a gaban mutanen da suka ji rantsuwarsa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, bai rage ba, ya sallami hauni, ya sa aka ɗora tukunyar kaffara. Kibiya ba ta dawo ba, ko a wannan shekarar ko a wadda ta biyo. Tunau ya ci gaba da kiwon sauran shahunan da hannuwansa biyu har Allah ya karɓi ransa.

An ce sarki ya aika wa Anaruwa ya zo ya zauna a fada ya riƙa ba shi shawara. Tsohon ya yi godiya, ya ce komarsa ba ta da mai gyara, kuma abin da ya sani bai fi magana ɗaya ba, ɗan aike ma ya isa ya kai ta. Ya ce a gaya wa sarki, talakawansa ma fukafukai gare su ko da ba ya gani. Igiya ƙafa kaɗai take riƙewa, mai fiffike kuwa adalci ne ke dawo da shi.